Telan Da Ya Toshe Kunnensa

Akwai wani tela mai shago a bakin titi, jikin rumfar mai cajin waya. Gwani ne, wannan ba a ƙwace masa. Ciwonsa ɗaya ne: finafinan jaruman nan masu tashi sama da ɗaga gini. Shi ba kallo kawai yake yi ba, wa'azinsu yake yi. Akwai biyu da ya fi mutuwa a kansu, ya raɗa musu Ƙato da Siriri. Ƙato ƙarfi, Siriri wayo, kuma duk wanda ya shiga uku a cikinsu, da ya yi fito sau uku ɗayan zai fasa bango ya zo. Hotunansu sun cinye bangon shagon, ko kalanda ba ta samu wuri ba. In ka kai ɗinki, sai ka sha labarinsu ka ƙoshi kafin a auna kafaɗarka.

"Ku har kun san abota?" in ji shi, allura a baki. "Gada ta faɗo wa Siriri, Ƙato ya ɗaga ta, jini na zuba masa ta hanci! Mutanen yanzu kuwa, ko a kwata ka faɗa sai dai su ɗauke ka hoto."

Tela yana da amini, wani mai walda da ke layi biyu a bayan shagonsa. Tare suka tashi, tare suke kallo. Tela ne da kansa ya kafa musu doka: filashin uku a jere shi ne fitonsu. Wanda ya gani, ko wanka yake ya fito da kumfa ya taho.

Sai dai mai walda ɗan tsokana ne. Ya taɓa riga tela kallon wani fim, ya zo ya fesa masa ƙarshen. Sati guda tela bai amsa gaisuwarsa ba.

Ana nan aka fito da fim na ƙarshe, ana ta raɗe-raɗin ɗaya daga cikin jaruman zai mutu. Tela bai samu tikiti ba sai na Asabar da yamma. Ranar Alhamis mai walda ya leƙo yana murmushi.

"Mutumina, ni fa gobe zan gani. In kira ka in na fito?"

"Ka kira ka gani! Wallahi ko wuta ce ta kama, ba na ɗaga wayar kowa sai na kalla da idona."

Ya yayyaga ƙyalle ya cusa a kunnuwansa, wai kada wani mai kawo ɗinki ya yi masa suɓutar baki. Babban mutum mai 'ya'ya uku fa! Kai, wani abin sai ka ji kamar ka tashi ka zabga mari.

Ranar Asabar da hantsi wayar ta yi haske a kan keken ɗinki. Mai walda ne. Ɗaya, biyu, uku. Tela ya taɓe baki.

"Ɗan banza, ya kalla. Har da fitonmu zai yi min dabara."

Can ta sake haske sau uku. Ta sake. Tela ya kashe ta, ya jefa a aljihun tebur cikin maɓallai, ya ci gaba da taka keke.

Bayan azahar yana goge rigarsa mai hoton Ƙato, sai ga matarsa ta faɗo shagon tana haki.

"Baban yara, ina wayarka? Matar amininka ta kira ni, ta ce..."

"Har ke suka saka?" Ya danne kunnuwan da tafin hannu. "Ba na ji! Ba na ji!"

Ta kama hannunsa, ya fizge. Ya suri rigar ya fita a guje, ya faɗa motar haya tana tafiya. Ya hango matar tasa a bakin titi tana ɗaga hannu, bakinta na motsi. Har dariya ya yi, wai ya sha da ƙyar.

Fim ya yi kyau, ba ƙarya. Bene ya rufto wa Siriri, ya yi fito sau uku, Ƙato ya zo ya tallafe benen da bayansa har abokinsa ya fita, shi kuma Ƙato benen ya danne shi. Tela ya yi kuka har na kusa da shi ya miƙo masa hankici.

Da ya koma gida, babbar 'yarsa ce ta tare shi a ƙofa.

"Baba, Mama ta ce ka same ta a asibiti."

A can ya ji komai. Mai walda bai je kallon ba ma, aiki ya riƙe shi. Yana haɗa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe shi kaɗai, ta zame ta danne masa ƙafa. Injin niƙan maƙwabta na ta ruri, ba wanda ya ji ihunsa. Wayarsa ba kati, sai filashin. Kusan awa biyu yana ƙarƙashinta, sannan wani tsohon mai gadi, wanda bai taɓa shiga sinima ba, ya leƙo aron guduma. Shi ya tara mutane aka ɗaga. Likita ya ce an makara, ƙafar ba za ta tsira ba.

Mai walda na kwance, leɓɓansa sun bushe. Ya daɗe yana kallon rigar tela.

"Ya fim?"

Tela ya jawo kujera ya zauna a gefen gadon.

"Wa ya mutu?"

"Ƙato."

"Allah sarki. Ka yi kuka, ga idonka nan." Ya lumshe ido. "Sau tara na kira, sai batir ya mutu. Ban nemi kowa ba sai kai. Ina kallon ƙofa ina cewa, layi biyu ne kawai, yanzu zai shigo."

"Ɗan'uwa, na zaci..."

"Na san abin da ka zata. Je ka gida, na gaji."

Bai zage shi ba, bai ƙaurace masa ba. In sun haɗu suna gaisawa, kamar yadda ake gaisawa da kowa. Bayan wata biyu ya wuce ta gaban shagon da sandunansa. Tela ya kalli wandon: an naɗe ƙafar hagu an ɗinke, ɗinki a karkace, zaren ma bai dace da yadin ba. Wani telan aka kai wa. Ranar ya sauke hotunan daga bango, ya zauna yana kallon wurin da suka bari.

Mai karatu, so jarumanka yadda ka ga dama, ba laifi ba ne. Amma yabon amana a baki abu ne mai arha, kowa ya iya, kuma kuka a sinima ba ya ɗaga ƙarfe daga ƙafar kowa. Jarumin fim in ya mutu, gobe ka sake kunnawa ka gan shi a tsaye. Naka na jini da tsoka ba a mayar da shi baya. In ya kira, ka ɗaga, ko da tsokanar ce.