Amsar da Mai Kek Ba Ta Karanta Ba

Ƙawata, matso kusa. Har yanzu in na tuna labarin nan sai gabana ya faɗi.

Akwai wata mata da kowa ke kira Mai Kek. A kicin ɗin gidanta take gashi, ta waya take ciniki. Allah Ya sa wa hannunta albarka, saƙonni suka yi mata yawa, tana kwaɓi da hannu ɗaya tana amsa waya da ɗayan.

Sai ƙaninta ya saka mata manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce wa AI. Ita manhajar, ka faɗa mata abin da kake so, sai ta tsara magana kamar mutum. Ta rubuta talla, ta zana hoto, ta amsa wa masu saye. Ya shigar mata da farashi da kayan haɗin kowane kek.

Ya ce, "Yaya, abin da kika gaya mata kawai ta sani. In kin canza wani abu, ki sanar da ita. Kuma ki riƙa duba amsoshinta, don wani lokaci takan faɗi abin da ba haka ba, ko kunya babu."

Ta yi dariya. "Kai dai auta, ka fiye tsoro. Na samu sakatariyar da ba ta barci, ba ta gulma, ka ce in zauna gadinta?"

Ciniki ya buɗe. Har mijinta yana tsokanarta, wai na'urar ta fi ta iya lallashi, ko za ta ara masa ita ranar da suka yi faɗa. Sannu a hankali Mai Kek ta daina buɗe saƙonnin. Oda kawai take dubawa.

Ana nan, man da ta saba sa wa kek ya yanke a kanti. Ta sayo man gyaɗa na gida, ta gwada, kek ya yi laushi. Ta ci gaba da shi. Ba ta gaya wa manhajar ba.

Wata rana da safe aka kai wa wata malamar makaranta kek na murnar zagayowar haihuwar 'yarta. Bayan azahar Mai Kek tana jiran wani gashin ya nuna, sai ta buɗe hirar don ta ga ko an yaba.

Ga abin da malamar ta rubuta tun kafin ta saya: "Don Allah akwai gyaɗa a ciki? 'Yata ko kaɗan ta ci, maƙogwaronta kumbura yake. Ta taɓa kusa tafiya."

Ga amsar da aka ba ta: "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Babu gyaɗa ko ɗigo. Lafiyar 'yarki amana ce a wurinmu."

Mai Kek ta ɗaga ido. Galan ɗin man gyaɗa na nan a gindin tebur, murfinsa a buɗe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta kira malamar, wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta sake, ta sake. Sai ta rubuta wa manhajar, "Akwai gyaɗa! Me ya sa kika ce babu?"

Nan take ta amsa, cikin ladabinta na kullum: "Na gode da gyaran. Kina so in sabunta bayanin kek ɗin?"

Wallahi ƙawata, wannan natsuwar ta fi komai ba ni tsoro.

Mijinta ya shigo ya same ta a durƙushe. Ta ce, "Baban yara, in na je na faɗa, sana'ata ta mutu."

Ya ce, "In ba ki je ba fa, wa zai mutu? Ɗauko mayafinki."

A bayan babur ba abin da bakinta ke iya faɗi sai "Ya Allah, Ya Allah." Adireshin na cikin hirar. Tun daga ƙofa suka ji kiɗa da ihun yara. Ta kutsa falon ko sallama babu. An yanka kek. Yarinyar na tsakiya da farantinta, gefen yankan a gutsure, tana sosa wuya, tana tari.

"Akwai gyaɗa! Ku karɓe! Akwai gyaɗa!"

Malamar ba ta tsaya tambaya ba. Ta zazzage jakarta, ta ciro allurar da likita ya ba ta don irin wannan rana, ta yi wa yarinyar, aka sure ta sai asibiti. A mota numfashin yarinyar har fito yake yi kamar usur.

Allah Ya yi da sauran kwana. Likita ya ce da an ɗauka tarin wasa ne aka jinkirta, da labarin ya sha bamban.

A barandar asibitin Mai Kek ta durƙusa, ta faɗi gaskiya: ba ita ta ba da amsar ba, ba ta ma karanta ba.

Malamar ba ta zage ta ba. Ta dai dube ta da jajayen idanu, ta ce, "Da kika ce min amana, na zaci uwa ce irina take magana."

Masu saye da yawa sun gudu. Ba ta goge manhajar ba, har yau ita ke mata talla. Amma duk tambayar da ta shafi cikin mutum, da bakinta take amsawa.

Darasi: Na'ura ta iya magana, amma ba ta san nauyin rai ba, kuma ba ita za a tambaya gobe ƙiyama ba. Ki ba ta aiki, kar ki ba ta amana. Abin da zai fita da sunanki, ki karanta shi da idonki.

Ki tura wa duk mai sana'a a waya. Amma in kin gane ko wace ce, don girman Allah ki rufa mata asiri, kar ki faɗa wa kowa.