Takardar da Aka Hana Mai Walda

Akwai wani mai walda da aka yi wa matarsa aikin ciwon daji a wuya. Shekara biyu duk gwajin jini cewa yake lafiya lau, amma baiwar Allah sai ramewa take, murya ta dishe, ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Yara huɗu sun zuba masa ido, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar karɓar sabon sakamako, tun da safe yake tsaye a tagar ɗakin gwaji. Ma'aikaciyar ɗakin ta fito hannu rabbana.

"Malam, ka yi haƙuri, ba zan sa hannu ba tukuna."

"Bai fito ba ne?"

"Ya fito, ya ce babu komai. Ni ce ban yarda ba."

Nan fa ya hau ta da faɗa, har mutane suka taru.

"Ke likita ce? Matata tana can tana ƙarewa, ke kina nan kina wasa da kwalabe!"

Sai da ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Akwai wani sinadari a jini, ana ce masa furotin, da ke nuna ko ciwon ya dawo. Garkuwar jikin matarka tana rufe shi, gwajin da aka saba ba ya ganinsa. Zan datsa furotin ɗin gutsi-gutsi, wata na'ura ta auna nauyin kowane gutsure. Ita ba a ɓoye mata. Ba ni kwana uku."

Ya yi tsaki ya tafi. Kwana ukun nan ko ƙarfe ɗaya bai haɗa ba. Sai ya kunna injin walda, ya tsaya yana kallonsa, ya kashe.

Rana ta huɗu likita ya kira shi. Ciwon ya dawo, amma bai yi nisa ba.

Likitan ya ce, "Da mun bi takardar farko, da mun sake sallamarta."

Mai walda ya zauna dirshan a ƙasa.

Bayan an sake yi wa matar aiki lafiya, ya nemi ma'aikaciyar, kansa a sunkuye.

"'Yar'uwa, wallahi ban san ta inda zan fara ba."

"Fara da gaya mini, ta ci abinci?"

Ya share hawaye da bayan hannu.

"Ta ci. Har ta ce gishiri ya yi yawa."

Darasi: Ba duk mai jinkirta maka ne ke wulaƙanta ka ba, wani ranka yake tsarewa. Ka saurara kafin ka zagi mai aikinsa da gaskiya. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani nasa.