Wanda Ya Riga Waya Isa Gida

A wani gari an yi wani bawan Allah, Tanimu mai faci. Ba shi da komai sai famfo da tsohon keke da 'yar rumfa a bakin titi. Ku saurara, 'yan uwana mata, ku ɗan ajiye wayoyin nan.

Ran wata Laraba da hantsi, mota ta buge Nafi'u ɗan Tabawa a gaban rumfar, nan take ya cika. Jama'a suka taru, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Tanimu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe mamacin.

"Baba, matsa mana, ka tare mu!" in ji wani.

"Ɗan mutane ne," in ji Tanimu. "Uwarsa ba ta ji ba tukuna."

Ya bar rumfa a buɗe, ya hau keke daga shi sai singileti. Ya biya ya kira Iya Kande, maƙwabciyar Tabawa.

Tabawa tana zaure tana ƙulla alalar sayarwa, hannu duk ƙullu, wayarta na ta ƙara a kan tabarma. Ta miƙa hannu ke nan suka yi sallama.

"Ƙyale ta, Tabawa," in ji Tanimu. "Ba ni ruwa tukuna."

Ta ɗebo masa, ta ce, "Malam Tanimu, ina rigarka?"

"Na ba wani aro. Zauna."

Iya Kande ta kife wayar, ta riƙe mata hannu. Ya sha ruwa, ya ambaci Allah, sannan ya ce, "Nafi'u ne. Ina wurin. Bai wahala ba, kuma na rufe shi. Sai haƙuri."

Ta yi kuka, amma a jikin mutum ta yi shi. Daga baya aka gaya mata abin da ke cikin wayar: hoton ɗanta ne kwance a titi, an turo mata har sau shida, da "Wa ya san wannan?"

To, kun ji. Waya tana kai labari, amma ba ta riƙe hannu. Kafin ki tura mutuwar ɗan wata, ki tambaya ko uwarsa ta ji. In ba ta ji ba, ki sa mayafi ki je da ƙafarki.

Tanimu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Tabawa kuwa har yau, da ta ji sallama, sai ta kife wayarta, ta tashi ta ɗebo ruwa.