Tulun da Sarki Barmo Ya Ƙi Ɗauka

Sarki Barmo ɗan Tsaiko, kai ka sa aka sari Hantsar Dutse da gatari, kai ka sha ruwan, kuma mijina ne yake kwance a kan raunin yau shekara bakwai. Na faɗa a fadarka, ka sa aka buga tambura don kada a ji ni. Na faɗa a bakin kasuwa, aka ce tsufa ne ya taɓa ni. To yanzu zan jero shi tun daga tushe, domin wanda bai sani ba ya sani, wanda ya sani ya yi shiru kuma ya ji kunya.

Ni ce Delu 'yar Arzika, jikar Yalwa mai tatsar awaki, haifaffiyar Kwarin Dubura, kwarin da tsaunuka bakwai dogaye-dogaye, tsofaffi, masu furfurar da ba ta zuba, suka kewaye shi kamar dattawa sun zauna shari'a. Babbansu shi ne Farin Rawani, wanda gajimare ke tsayawa a ƙugunsa, gaggafa kuma ta gaji ta juyo tun ba ta kai kafaɗarsa ba. Daga wuyansa ne daskararren kogi ya gangaro, fari fat a sama, shuɗi kamar rinin baba a ciki, mai tafiyar da ba ta wuce taku guda a shekara, mai nishi da ƙara cikin rani kamar tsohon da ke juyi a kan gado. A inda ya ƙare ruwa ke fitowa fari tas kamar madara, shi ya sa kakanninmu suka kira wurin Hantsar Dutse. Da ruwan nan muke noman alkama, da shi muke wankan jariri, da shi muke wankan gawa. Doka guda ce tak a kansa: ƙarfe ba ya wuce baƙin dutsen da ke bakin hanya. Maharbi ya ajiye wuƙarsa a nan, mace ta cire allurar da ke gefen zanenta, a ɗebi ruwa da ludayi a inda ya fito don kansa.

Ka san wannan, Barmo, domin uwarka 'yar kwarin nan ce. Amma shekarar da sarakunan ƙasar rairayi suka zo maka baƙunci, ka so su ga ƙanƙara a cikin kofunansu da tsakar rana, su koma gida suna ba da labarinka. Dattawa suka roƙe ka, ka ce dutse ba ya jin zafi. Mutum goma sha biyu suka hau da gatura, suka saro guntu kamar rumbu, aka naɗe shi da ciyawa aka jawo shi fada. Baƙinka suka sha, suka yi mamaki. Kwana uku bayan nan kogi ya tsaya cak, kifi ya kwanta a kan tsakuwa, alkama ta yi ja tun ba ta fid da kai ba.

Masana suka ce sai an je gaban Zamhariya, sarauniyar aljannun ƙanƙara, wadda fadarta ke can ƙarƙashin ƙololuwar Farin Rawani. Ka tura barade, suka tafi da sulke da takubba, ƙarfen ya manne da fatarsu, suka dawo ana ɓanɓare su da ruwan ɗumi. Sai aka tuna da mijina, Nomau makiyayin tsaunuka, sunan da ban taɓa kira da bakina ba cikin shekara talatin da bakwai na aure sai yanzu da dole ta sa. Mutum ne siriri, mai sanyin hali, wanda maganarsa ta shekara ba ta kai tawa ta safiya guda ba. Na ce ƙafata ƙafarsa, don na san in ya je shi kaɗai zai durƙusa ya gai da sarauniya ya juyo gida bai faɗi abin da ya kai shi ba. A gaban fadawanka ka dafa ƙirji ka ce, “Ku tafi. Duk abin da aljannu suka nema, a wuyana yake.” Ina nan tsaye, na ji da kunnena.

Muka tashi da sassafe, ba ko tsinken ƙarfe a jikinmu, sai igiyar gashin akuya, da sanduna, da gumba, da ƙwaryar man shanu, da tsohuwar akuyarmu Gunduwa wadda ta fi mu sanin dutse. Yini guda ya kai mu Hantsa, muka ga ta bushe ƙamas, muka wuce sama. Rana ta huɗu muka shiga Kwazazzabon Masu Kwaikwayo, wuri ƙunci, mai zurfi, inda dusar ƙanƙara ta yi tsiri a gefe biyu tana jiran dalili. Aljannun wurin ƙanana ne, masu manyan kunnuwa, in ka furta kalma guda sai su yi ta maimaita ta har dusar ta rufto maka. Maigida ya yi mini nuni da in rufe baki. Da suka ga ba mu magana sai suka shiga tsokana: wani ya ɗauki muryar maƙwabciyata yana cewa Delu tana zuba ruwa a nono, wani ya ce furata ko kare ba ya sha. Kwana uku ina tafe da gefen mayafi a cikin bakina ina taunawa, hawaye na daskarewa a kumatuna, shi kuwa yana gaba, ina ganin kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, kuma ban yafe wa aljannun nan ba.

Daga nan muka hau gadon kogin kansa, inda tsagogi masu zurfin rijiya goma suke ɓoye ƙarƙashin dusa. Muka ɗaura igiya a ƙugu, Gunduwa a gaba, inda ta taka nan muke takawa, inda ta tsaya tana shinshina sai mu kauce. Rana ta tara, da hantsi, bangon ƙanƙara ya buɗe mana kamar labule.

Birnin Zamhariya ba ya da rana ba ya da inuwa, haske ne shuɗi mai fitowa daga bango da ƙasa. Soraye a kan soraye, ginshiƙai dogaye-dogaye, sumul-sumul, da aljannu masu gemun ƙanƙara da ke kaɗawa kamar ƙararrawa in sun juya kai. A cikin bangayen kuwa duk abin da dutse ya taɓa haɗiyewa yana nan tsaye: maharba na zamanin kakanni da bakansu a hannu, tsuntsu da fukafukansa a buɗe, wata mata da goyonta, ba wanda ya ruɓe, ba wanda ya tsufa. Su ake kira Tsayayyu. Na dube su na yi tunanin cewa rashin ruɓewa ba shi ne rai ba.

Aka kai mu gaban sarauniya, Zamhariya 'yar Sanyin Farko, uwar koguna bakwai, mai numfashin da ke tsai da tsuntsu a sama, farar mace doguwa, mai idanu kamar ruwan rijiya, tana zaune a karkace, hannunta guda dafe da ƙirji. Maigida ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi shiru, kamar yadda na faɗa.

Ta dube ni ta ce, “Ke aka aiko, tsohuwa? Sarkinku ba shi da maza?”

Na ce, “Allah ya ja zamaninki, yana da su, sai dai duk ƙarfe suka rataya. Ni kuwa da na ga yadda kika zauna na san ciwon. Ba fushi ne ya sa kika ɗauke ruwa ba, zafi ne. Akuyata ma in ƙaya ta yanke mata hantsa haka take ɗauke nono.”

Fadawa suka yi gunaguni don na haɗa sarauniya da akuya, amma ita ta ɗaga musu yatsa. Ta ce masu maganinta bakwai sun gwada sun kasa, domin hannun aljanin ƙanƙara ba ya da ɗumi. Ta ce in na warkar, kogi zai koma. In na kasa, akwai gurbi biyu a bango. Kafin ƙiftawar ido sai ga mu tare da ita a Hantsar Dutse, gaban raunin da gaturanka suka yi, baki wangame, gefensa kaca-kaca.

Na yi abin da kakata Yalwa ta koya mini. Na cusa hannuwana a hammata har suka yi ɗumi, na lakato man shanu, na shiga shafawa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ina yi mata 'yar waƙar da nake yi wa awaki in suna tsoro. In hannu ya mutu in mayar da shi hammata, in ya farfaɗo in ci gaba. Tun hantsi har la'asar. Yatsuna biyu na hagu a nan na bar su. Sai na ji ɗigo guda a tafina, fari, sannan na biyu, sannan ruwa ya ɓalle yana gudu zuwa kwari. Amma ina ɗaga hannu sai ya tsaya, ina mayarwa ya dawo.

Sarauniya ta ce, “Kin yi naki, 'yar Arzika. Amma rauni ba ya rufewa sai abin da aka ɗauke ya dawo ta hannun wanda ya ɗauke. Sarkinku zai cika tulu a kogi, ya ɗora a kansa shi da kansa, ya hau da ƙafarsa ba ƙarfe a jikinsa, ya zuba a nan. Kafin ya zo, sai mai rai ya kwanta da ƙirjinsa a kan wurin. Ba zai mutu ba, ba zai tsufa ba. Na ba da shekara bakwai. In dusar farko ta shekara ta takwas ta sauka ba a zo ba, ƙanƙara za ta rufe fuskarsa, ya shiga cikin Tsayayyu, kogi kuma ya ci gaba da gudu har abada.”

Na fara kwance mayafi zan kwanta, sai maigida ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Ke ki sauka, Delu. Ni in na je gaban sarki gaisuwa kawai zan yi. Bakin nan naki da ya hana ni hutawa shekara talatin, yau ga ranarsa.” Ya ba ni igiyar Gunduwa, ya ce kada in bari ta ci ganyen da ke bakin rafi, yana sa ta zawo. Ya cire rigarsa, ya yi bisimilla, ya kwanta.

Ruwa ya riga ni isowa kwari. Na tarar ana kiɗa, maroƙa sun riga sun yi maka sabon kirari, wai Mai Dawo da Kogi. Ka ba ni zane da goro, na isar da saƙo kalma-kalma, ka ce sai an gama girbi. Da aka gama ka ce sarki ba ya ɗaukar kaya a ka talakawa suna kallo, ka tura bawa, tulun ya gangaro da kansa har ƙofar fada, ruwan cikinsa daskare. Shekara ta biyu ka tura waziri, ya dawo ba kunne ɗaya. Ta uku ka ce wa dogarai kada in ƙara wuce zaure.

Kowane rani nakan hau. Mutane sun daina zuwa can, kunya ta sa suna ɗiban ruwa daga ƙasa. Ƙanƙara ta lulluɓe maigida har wuya, garau kamar gilashi, gemunsa baƙi wuluk yadda na bar shi, ni kuwa kaina ya yi fari, haƙorana sun zube. Nakan zauna in ba shi labari: 'yarmu ta haifi tagwaye, Gunduwa ta mutu, rufin ɗaki yana yoyo. Ba ya iya magana, sai dai ya lumshe ido, wanda dama kusan iyakar hirarsa ke nan. Na daɗe ina tunanin abin nan: duk wanda ke kwarin nan, mai kirki da marar kirki, ruwan da ya bi ta ƙarƙashin ƙirjin mijina yake sha. Ni ma shi nake sha. Ba na cewa kowa ya daina. Amma abin da ke zuwa kullum ba a tambayar daga ina yake, kuma na ga yadda gari guda zai iya manta mutum ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba.

Kai kuwa ba mantawa ka yi ba, Barmo. Ka ji ƙarshen sharaɗin, ka gane cewa in ka yi shiru shekara bakwai kogi zai zama naka ba ka ɗauki komai ba. Jira kake yi dusa ta rufe maganar.

Bana gwiwoyina sun ƙi, ban iya hawa ba, maigida yana can bai san dalili ba. Tsuntsayen rani sun fara barin kwari, iska ta juya daga wajen Farin Rawani, makiyaya sun ce dusar farko ba za ta wuce kwana goma ba. Tafiyar yini guda ce. Na cika tulu, na naɗa maka gammo da zanen da ka ba ni, suna nan a ƙofar fadarka, ni ma ina nan kusa da su. Fito ka ɗauka. In kuwa ba za ka ɗauka ba, fito ka tsaya gaban mutanen Dubura, ba tambari, ba maroƙi, ka faɗa da bakinka me Nomau ya yi maka, kuma a wuyan wa ka ce abin yake.