Rema da Dutsen da Ke Tafiya

An yi wani Rema a ƙasashen gabas, wajen Habasha, mai alfahari da gidansa. Gidan kuwa wata tsaguwa ce a jikin ƙaton dutse, wadda ya gada tun kaka da kakanni.

Zuriyarsu na da al'ada. Duk farkon damina maigida kan tsaya a bakin tsaguwar. In haƙarƙarinsa ya taɓa dutse dama da hagu, to kafaɗar Damisa ba za ta shiga ba, iyali sun tsira.

Wata shekara ya tsaya, sai gefen hagu ya ƙi taɓawa. Shamuwa, uwar yawo mai yawan surutu, tana kan dutsen tana kallo.

"Maigida, ƙofarka ta buɗe," in ji ta.

"Ni ne na rame," in ji Rema. "Dutse yana buɗewa ne?"

"Har tafiya yake yi! Ƙasar nan da kake taƙama da ita ɓawo ce kawai, kamar yanar da ke kan kunu mai zafi. Ƙarƙashinta dutse ne da zafi ya tausasa, yana juyawa a hankali. Can tsakiya kuma ƙarfe ne, wani narkakke, wani dunƙulalle. Ɓawon ya rabu falle-falle, kowane falle yana ɗauke da ƙasashe da tekuna yana tafiya. Gidanka a kan gaɓa yake, inda biyu ke rabuwa."

"To ni ban ji ina tafiya ba."

"Ka taɓa jin farcenka yana tsiro? Saurinsu ɗaya. Na bi ta sama na ga inda ƙasa ta dare, wuta na malala ja wur kamar manja. Ka kwashe yaran nan ka sake gida."

"Hajiya, wanda bai da gida shi ke ganin duniya na yawo. A sauka lafiya."

Sai Rema ya samo magani: ya duƙufa cin ganye har ya yi ƙiba, haƙarƙari ya taɓa dutse. Shekara ta zagayo, ya ƙara ci. Kowace damina gwaji na fita daidai, kuma maƙwabta na yaba lafiyarsa.

Wata rana da hantsi tsuntsaye suka yi tsit. Daga can ƙarƙashi wani gurnani ya taso, mai kauri, wanda ƙafa ke ji kafin kunne. Dutsen kakanni ya motsa kamar raƙumi zai miƙe. Tururi ya fito ta tsaguwar da ɗumin wutar da ta girmi duk wani mai rai. Rema ya sandare, baki buɗe.

"Ashe a bayan wani abu muke zaune," ya ce a hankali.

Bai gama mamaki ba sai ga Damisa. Yara suka shige can ƙurya, inda tsaguwar ta tsuke. Maigida ya bi su, ƙiba ta tokare shi a tsakiya. Damisa ta zura kafaɗa ba wahala, ta cafko wutsiya. Ya fizge da ƙyar, ya bar mata ita.

An ce shi ya sa rema ba shi da wutsiya. Wannan kam ban tabbatar ba. Tafiyar ƙasa dai masana sun auna ta.

Darasin wannan labari shi ne, in ma'auninka ya nuna maka abin da ba ka so, kada ka gyara ma'aunin, gyara zamanka. Ƙasar da ke ɗauke da mu ma ba a zaune take ba, kuma ba ta jiran sai mun yarda.