Zaren Cikin Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A can da, babu tsufa a duniya. Kowace halitta tana da dunƙulen zare a cikinta. In an gama girbi, sai kowa ya tafi gindin wata kuka wurin Tagyara, mace mai allura. Ita ke jawo zaren kowa ta cibiya, ta ɗinke inda jiki ya ci, kafin baɗi zaren ya sake tofowa. Da wannan zaren kuma ake saƙa ɗa, shi ya sa sai a shekara ɗari ba a yi haihuwa biyu a gida ɗaya ba.

To, kun san Gizo da son jiki. Ciyawa ta cinye gonarsa, sai ya ce wa matarsa Ƙoƙi zai saƙa 'ya'ya su riƙa yi masa noma. Ta ce ya yi a hankali, ya ce ita dai ba ta son ci gabansa. Ya laɓe bayan rumbu ya finciko zarensa, damina ɗaya ya saƙa 'ya'ya goma.

Da lokacin ɗinki ya zo, Tagyara ta ja, ta ja, zare bai kai kansa ba. Gizo ya dawo gida da kai fari fat. Gari ya ruɗe, don ba a taɓa ganin furfura ba. Aka ce toka ce, aka wanke, aka sake wankewa, aka dirje da soso har sau uku, tana nan. Amma bakin nan na Gizo bai mutu ba. Ya ce ai rawani ne da ake naɗa wa mai 'ya'ya goma.

Ɓera na jin haka ya ruga ya saƙe zarensa kaf. Akuya ta saƙa rabi. Kunkuru ya ce bari ya yi tunani tukuna.

Shekara ta biyu Gizo ya ƙara goma, haƙoransa suka zube cikin tuwo. Ta uku ya ƙara goma, bayansa ya tanƙware kamar lauje. Ana cikin haka, wata safiya aka tsinci Ɓera a bakin raminsa ya sandare. Aka juya shi, babu rauni, babu sawun kyanwa.

Gizo na ganin haka ya rarrafa wurin Tagyara. Ta laluba cikinsa ta ce saura taƙi ɗaya, kuma zaren da aka fincika da gaggawa ba ya tofowa. Ya faɗi yana birgima, yana roƙon ta nemo masa dabara.

"Dabara ɗaya ce," in ji ta. "Zarenka yana jikin 'ya'yanka. Kawo su a warware, in mayar maka da abinka."

Gizo ko tunani bai yi ba. Ya kira su daga gona, su talatin, ya jera su gindin kuka, Ƙoƙi na bayansu tana kuka. Ya fara da autarsu Tanoma, don ita ba ta isa riƙe fartanya ba. Ya kama bakin zaren cibiyarta ya ja kaɗan. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Baba, cakulkuli kake yi mini. Ƙara."

Hannun Gizo ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi sauran, kowa ya baza cikinsa yana jiran a zo kansa a yi masa wasan. Sai ya saki zaren, ya ƙulle mata shi da kyau.

"Bar su, Tagyara," ya ce. "A samo mini sanda."

Ƙoƙi ta saki baki. Tagyara ma allura ta faɗi daga hannunta. Gizon da bai taɓa bar wa wani ko ƙanzon tukunya ba, yau shi ya bar ƙuruciyarsa. Ni kaina duk sanda na zo nan, sai tsigar jikina ta tashi.

Tun daga ranar tsufa ya zauna a duniya. Ɓera ba ya cika shekara uku, Kunkuru mai jan ƙafa shi ke daɗewa. Saboda haka in kun ga tsoho ya tanƙware, kada ku yi masa dariya, ƙarfinsa a jikinku yake yawo. Ni ma haƙorana suna bakin ubanku.

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan kusu, ya shige rami da ita.