Tsohon da Ya Mallaki Taga Ɗaya

'Ya'yana, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Ku ma masu bibiyar shafin nan, ku matso.

Akwai wani tsohon direban motar asibiti. Shekara talatin ana yankar albashinsa ana zubawa a asusun fansho. Da ya yi ritaya, shi da matarsa suka kama ɗaki a wani sabon bene da aka gina don 'yan haya. Ɗansu magini ne, da hannunsa aka ɗora bulon ginin.

Ba a shekara biyu ba gidan ya fita hayyacinsa. Famfo na tsiyaya, an cire ƙwan fitilar matakala, kowa na cewa ai ba na ubansa ba ne.

Wata rana ɗan ya shigo ya zauna.

"Baba, asusun da ya gina nan ya so ƙara wasu benaye uku a filin baya. Yanzu sun ce mutanen nan ba sa riƙe gida. In suka fasa, babu aiki. Sai dai in kwashi yara mu yi nisa."

"Wane asusu?"

Da ya ji sunan, tsoho ya miƙe tsaye. "Ai gumina ne a ciki! Ashe a gidana nake haya!"

Matar ta ce, "Sannu, mai gida. Ku dubu nawa ne a asusun? In aka raba ginin, da ƙyar ka tashi da taga ɗaya."

"To, na karɓi tagar."

Ya zaɓi ta kan matakala. Kullum da safe yana can da bokiti da tsumma. Maƙwabta suka sa masa suna Mai Taga.

"Mai Taga, nawa ne hayar leƙawa?"

"Leƙe kyauta ne. Tofa yawu ne ke da tara."

Ana cikin dariya wata tsohuwar ungozoma ta ce ita ma ta zuba a asusun, don haka ƙofar shiga tata ce. Wani malamin makaranta ya kama famfo. Wani tela ya ce to shi fa, da bai taɓa cin albashi ba?

Tsoho ya ce, "Kai ɗan hayarmu ne. Riƙe tsintsiya."

Bayan wata huɗu asusun ya turo wata ma'aikaciya ta duba gidan. Ta shafa gilashin da yatsa, ba ta ga ƙura ba.

"Baba, wa ya ɗauke ka aiki?"

"'Yata, ai ni na ɗauke ki."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ba su gina uku ba, biyu suka gina. Amma biyun sun isa: magini bai tafi ba, jikoki na nan suna ɓata tagar da hannun mai.

Darasi: Abin da ake kira na kowa, da naka a ciki. Nemo rabonka ka riƙe, ko da taga ɗaya ce. Ku tura wa wanda ke cewa ba ruwansa.

Saura magana ɗaya. Tsohon nan yana yawo yana cewa shi ya tsayar da ɗansa. Matar ta ce bakinta ne ya ba shi tagar, kuma zaninta mai kyau ya yaga ya yi tsumma, har yau bai biya ba. Kada ku tambaye ni inda na ji. Ku dai zo gida ranar hutu ku raba gardamar nan, don babanku ba ya jin magana.